Tsamiyar da na kai wa Baba Madina

Bari in fara da gyara ƙaryar da ta fi yawo, don na gaji da amsa ta. Babana ba ya ƙera harsashi a Saudiyya. Wanda ya ga hoton da na sa a waya, ya ga tulin kwanson harsashi a faranti, ya ruga ya ce wa mutanen unguwa Malam Isiyaku ya zama dillalin makamai, Allah ya shirye shi. Kuma ba shagon gwal gare shi ba, ku da kuka zo mini sannu da zuwa kuna leƙen wuyana da kunnena. Bai kuma yi wata matar ba. Wannan ni kaina da zargin na tafi, na bincike ɗakinsa kaf, ko ɗankwali ban gani ba.

Tunda ke Maryama da Hassu kun hana ni sakat da "ba mu labari", ga shi a rubuce. Kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Umara na je, Allah ya karɓa, amma abin da ke raina in taho da Baba gida. Ina firamare ya tafi. Da farko yana zuwa hutu, daga baya ya daina. Waya ba ta yankewa, aike ba ya yankewa, mutum ne dai babu. Inna ba ta magana a kai. Idan damina ta wuce sai ta fito da rigunansa daga akwati ta wanke, ta shanya, ta ninke, ta mayar. Ni ban iya irin wannan haƙurin ba. Da kawuna ya biya mini kujera tare da matan islamiyyarmu bayan na yi sauka, na ce wa Inna ta gyara ɗaki, ƙafata ƙafarsa.

Abu ɗaya Baba ya roƙa: tsamiya. Ya ce mai yawa, ta gida, wadda ba a taɓa jiƙawa ba. Inna na jin haka sai ga ta ta ɗauko tabarma. Da hannunta ta zaɓi tsamiyar nan ɗaya bayan ɗaya, mai ƙwaro ta jefar. Ta surfa gero, ta yi garin kunu da citta da kanumfari, ta ƙulle a leda biyu. Ni da ita duk mun san abin da muke tunani: mutumin nan kewar kunun gida yake yi.

Daga Malumfashi zuwa Kano taya ta fashe mana bayan Dayi. Muna tsaye a rana na saba da Hajiya Talatu, wata dattijuwa mai haƙorin Makka da ta je ƙasar sau ba adadi, kuma ba ta bari ka manta. Ta kalli hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, biki za ki ko ibada? Wa ya ce ki yi lalle har kan yatsu?" Na ce hannuna ne. Ta ce, "To, za ki gani."

A filin jirgin Kano aka ce jakata ta wuce nauyi. Ma'aikacin ya nuna buhun tsamiya ya ce in rage. Na ce sai dai a rage ni. Na kwashe kayan sawata, na ɗaura zani uku, na sa hijabi biyu, na shiga jirgi kamar ƙunshin goro. Gumi na yi har muka tashi, daga nan sanyin jirgi ya sa na gode wa Allah da zannuwan.

A Madina kuwa na gani, kamar yadda Hajiya ta ce. Na'urar ɗaukar hoton yatsu ta ƙi ni. Ma'aikaciyar ta goge mini yatsu da tsumma, ta danna, ta sake dannawa, layi ya taru a bayana, Hajiya Talatu na can tana cewa "ai na faɗa" da ƙarfi yadda kowa zai ji. Da ƙyar ta karɓa. A wurin binciken kaya wani saurayi mai kaki ya buɗe buhun, ya ɗago tsamiya, ya yi tambaya. Larabcin islamiyya ya gudu ya bar ni. Hajiya ce ta ce masa "tamar hindi". Ya shinshina garin kunu, ya yi atishawa, ya ce mu wuce. A nan na yafe mata surutunta.

Na fito ina waige-waige, ina neman fuskar da na haddace a waya. Babu. Sai wata budurwa baƙa kamata, cikin abaya, riƙe da mukullin mota, ta nuna mini hotona a wayarta ta ce, "Zulai? Ta'ali," wato in zo. Sunanta Rawan, 'yar mai gidan da Baba ke wa aiki. 'Yan ƙasa ne, amma kakanninsu daga wajenmu suka zo. Tana jin Hausa sarai, amsa ce sai da Larabci. Na ce, "Baba ba shi da lafiya ne?" Ta ce, "Kwayyis," wato lau yake. Na ce to me ya hana shi zuwa? Ta ɗaga kafaɗa ta tada mota. Yarinya sa'ata tana tuƙi da hannu ɗaya tana cin ƙwallon kabewa da ɗayan, ni ko keke ba a bar ni na koya ba.

Mun yi 'yar tafiya sai ta ratse gefen titi kusa da wani babban allo. Ga wani tsoho a tsaye cikin farar jallabiya, ya kare rana da hannu. Sai da ya ce "Zulaihatu" na gane shi. Ya rage tsawo. Gemun ya yi fari tas. Na shirya maganganu tun daga gida, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, filin jirgin ne ya yi maka nisa?"

Ya yi dariya, idonsa na ruwa. "Har yanzu bakin nan yana nan. Yaya innarki? Kin taho da tsamiyar?"

Gidan yana Ƙuba, bayan masallaci, kusa da wani tsohon lambun dabino da gine-gine suka cinye rabinsa. Ni na sauka a sama wajen kakar Rawan, Amma Zainaba, tsohuwa mai ƙiba mai son dariya. Uwarta ce ta taka da ƙafa daga ƙasar Katsina ta bi ta Sudan, ta haife ta a nan. Hausarta irin ta mutanen da ce, an yayyafa mata Larabci. "Ya binti, zauna ki ci, halas, bar kunya, nan baitin ubanki ne." Da safe wake ne dafaffe da man zaitun da wata faffaɗar gurasa mai zafi, da rana shinkafa a babban faranti kowa ya sa hannu. Ranar farko aka ba ni gahawa mai ɗaci a ɗan kofi. Ina shanyewa don in rabu da ita, Rawan na ƙarawa. Sai da cikina ya fara kuka Amma ta ce, "Girgiza kofin mana, ke kuwa! In ba ki girgiza ba har Magariba za ta yi ta zuba miki."

Abin da ban saba da shi ba shirun unguwa. Kowace ƙofa a kulle. Ba mai shigowa aron turmi, ba mai sallama ya ce a ba shi garwashi. Gaisuwa ma gajera ce, ba a tambayar gajiya da gida da mutan gida. Amma Zainaba ta ce da ba haka ake ba, lokacin da Takari, wato mutanenmu da suka zauna a can, suke unguwa ɗaya ana daka a tsakar gida. In ta ga na yi jugum sai ta ɗauko ɓoyayyar kukarta ta kaɗa mini miya, ta zauna tana tambayata ko har yanzu ana yin kaza da kaza a Katsina, garin da ba ta taɓa gani ba.

Wurin aikin Baba yana bayan gida, ɗakin kwanansa a gefe. Tun kafin a buɗe ƙofa na tsaya cak. Wata ƙara ce, gurr-caka-caka, gurr-caka-caka. Duk shekarun nan in muna waya ita nake ji a bayan muryarsa. Na ɗauka motoci ne, na ɗauka haka Madina take kuka. Ashe bokitin fenti ne. Ya kwantar da shi a kan tayoyin keken yara, ya ɗauro injin wanki da aka jefar, ya haɗa su da bel ɗin mota. Bokitin na juyawa yini guda. Shi ya haɗa abinsa, kuma yana nuna mini shi kamar yadda wasu ke nuna jika.

Ga aikin, don masu ƙarya su ji. Akwai wurin koyon harbi mai lasisi a wajen gari. Kwanson da aka riga aka harba, wanda ba komai a cikinsa, mahaifin Rawan ke saya a matsayin tagulla, da takardunsa, a kawo a buhu. Baba ya zauna ya duba kowane ɗaya. In ya ga wanda bai tashi ba, ya ware shi a mayar musu, ba ya ko kwana a gidan. Sauran ya jiƙa su, ya ɗauraye, ya shanya a rufin gida, sannan ya zuba a bokitin nan tare da dakakken ƙwallon dabino. Su shiga baƙi ƙirin da hayaƙi, su fito suna ɗaukar ido. Daga nan sai wata na'urar da ya haɗa da jak ɗin mota da matakin keken ɗinki. Da ita yake yanke gindin kwanson ya toshe, ya yi masa murfi da tsinke. Tandun kwalli ke nan. Manyan a zuba turare, ƙananan su zama kan carbi. Ku da kuka taɓa samun tsarabar tandu mai ruwan gwal daga Madina, ku je ku duba da kyau.

Ina cikin kallo ya jawo buhuna, ya kwance, ya dumbuza tsamiyar Inna ya watsa a baho na ruwan zafi. Ya dama. Ya juye baƙaƙen kwanso a ciki.

Na ce, "Baba, me kake yi?"

"Ta nan ba ta da tsami, 'yar nan. Garin lemon da suke sayarwa kuma yana sa tagulla ta yi ja. Tamu ce ke fito da ita yadda ya kamata."

"Inna ta yini tana zaɓar tsamiyar nan. Na ɗaura zani uku a jirgi saboda ita. Ƙarfe za ka wanke?"

"Ai shi ya sa ta yi kyau. Duba, ko ƙwaro babu."

Wallahi da ba ubana ba ne da na kifar da bahon. Na ɗebi abin da hannuna biyu za su ɗauka na haye sama. Washegari na dama kunu na kai masa, na dangwarar. Ya sha a hankali, bai ɗago ba. Da ya gama ya riƙe kofin ya daɗe, ya ce, "Na innarki ya fi wannan kauri." Sauran garin kuma ya kai ɗakinsa ya rataye, ya hana kowa taɓawa.

Na yi ziyara, na yi salla a masallacin Annabi na yi kukan da ban san ina da shi ba. Mun je masallacin Ƙiblatain da matanmu, mun tafi Makka a jirgin ƙasa muka yi Umara muka dawo. Na ce Baba ya raka ni, ya ce aiki. Sauran kwanakin a wajensa na yi su, don na gane in ina son hira da shi sai hannuna na cikin baho. Yatsuna suka yi kore a kan lalle. Yana ba ni labarin kakana maƙerin farfaru, yana tambayata bishiyar ɗorawar bayan gidanmu, ko an sare. Duk lokacin da na ɗauko zancen tafiya gida sai ya tashi ya je duba bel.

Ranar da ƙwallon dabino ya ƙare aka ce za a je Khaibar wajen dangin Amma a ɗebo. Na ce Baba ya zo mu je, na kafe. Ya shiga gaba, ni da Amma a baya, Rawan na tuƙi. Muna fita gari, daidai wani allo irin wancan na ranar farko, ya ce, "Rawan, sauke ni nan." Ya fita, ya ce zai tari mota ya koma. Ya ɗaga mana hannu.

Na ce, "Amma, mene ne wannan allon?"

"Iyakar harami ce, ya binti. Daga nan an fita Madina. Ba ki sani ba? Ubanki ba ya ƙetare ta."

"Tun yaushe?"

"Tun rasuwar amininsa Malam Ɗanjuma. Ya fi shekara talatin a nan, kullum addu'arsa a rufe shi a maƙabartar Baƙi'a. Ya je gida hutu, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu can. Daga ranar ubanki ya ce shi ba za a yi masa haka ba. Likkafaninsa na nan a ɗaki ya wanke da zamzam." Ta gyara zama. "Uwata ma haka ta yi. Ta bar 'ya'ya biyu a Katsina, har ta mutu tana kiran sunansu, amma ba ta koma ba."

Khaibar gari ne na dabino da baƙin dutse. An karɓe mu da kyau, an cika mana mota da buhuna, wata tsohuwa ta yi ta dura mini dabino tana cewa na rame. Ban tuna ɗanɗanonsa ba. Ina ta lissafin abin da zan ce.

Da hantsi washegari na same shi yana tankaɗe dakakken ƙwallo. Ban zauna ba.

"Baba, na ji dalilin."

Ya miƙa hannu ya kashe injin. Tunda na zo ban taɓa jin ɗakin nan shiru ba.

"Ka san dai mutuwa ba ta tambayar allo," na ce. "Ka fi ni karatu."

"Na sani. Ba dabara nake wa Allah ba. Roƙo nake, ina zaune a ƙofa."

"Mu kuma fa? Kai kana nan kana jiran ka mutu a wuri mai kyau, mu muna can muna rayuwa ba kai. An yi auren Yaya ba ka nan. An haifi Isiyaku ƙarami, sunanka aka sa masa, bai san ƙamshinka ba. Inna tana wanke rigunanka duk shekara, Baba. Rigunan da ko shiga ba za su yi maka ba yanzu."

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai yi faɗa, da ma ya yi. Sai ya ce, a hankali, "Har yanzu tana wankewa?"

"Mako biyu kawai. Ka zo ka gan ta, in rako ka filin jirgi da kaina."

"Ɗanjuma ma mako biyu ya ce." Ya share hannu a jallabiya. "Zulaihatu, na wuce sittin. Duk safiya in an buɗe Baƙi'a ina shiga in tsaya. Na saba da mutanen cikinta. In na hau jirgin nan zuciyata ba za ta kai ni Kano ba. Ki ce son kai ne, ban musa ba."

"Son kai ne."

"To." Ya ɗago ya kalle ni. "Amma ban hana ta zuwa ba. Na kira ta, na sake kira, mai gidana ya ce zai yi mata takarda. Ta ce ni na tafi, ni zan dawo."

Wannan ban sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ya ce, "Ta yi furfura?"

"Kaɗan, a gaba."

"Ba ta yarda in gan ta a waya, sai murya. Ƙafar tana damunta har yanzu? Tana sa kwalli?"

Na fita, don ba na son ya ga fuskata.

Kwanakin da suka rage ban ƙara tayar da maganar ba. Na ga ya ware kwanso ɗaya, bai sa shi a bokiti ba. Da tsumma da toka ya yi ta goge shi tsakanin salla da salla, ya yanke gindin sosai don kada a tsare ni a filin jirgi, ya zana masa 'yan layuka da bakin ƙusa, ya cika shi da kwallin Madina. Bai ce na wa ba ne, ban tambaya ba.

Ranar tafiya ya shiga mota tare da mu. Amma Zainaba ta rungume ni ta ce in gaishe mata da Katsina gaba ɗaya. Rawan ta yi mini Hausa karo na farko, ta ce, "Sai wata rana, mai faɗa." A wajen allon ta tsaya ba tare da an ce mata ba. Baba ya fita, ya zagayo ta tagata, ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a mai tsawo. Hannun na warin tagulla da tsami. Muka tafi. Na juya ina kallonsa ta gilashin baya, yana tsaye, bai matsa gaba ba, bai koma ba, har hanya ta lanƙwasa.

A gida na tarar Inna ta yi wa ɗaki sabon labule. Da mota ta tsaya ba ni ta fara kallo ba, bayana ta kalla. Na ce, "Bai zo ba, Inna. Ba kuma zai zo ba." Na gaya mata komai, ban rage ba, har bahon. Na ɗauka za ta yi kuka, sai ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce tun tana amarya yake sace mata tsamiya yana wanke munduwa. Daga baya dariyar ta tsaya. Na ba ta tandun. Ta juya shi a hannu, ta shiga ɗaki. Da ta fito idonta ya sha kwalli.

Na ce, "Ya ce ya sha kiranki."

"Shi ya tafi."

"Shi ya tafi, kuma bai kyauta ba, na faɗa masa a fuskarsa. Amma ya tsufa, Inna. Ke ma kin tsufa. Kowannenku ya tsaya a ƙofarsa yana jiran ɗaya ya taka."

Ta ce in tashi in ba ta wuri, ba ni da kunya. Na tashi.

Shi Baba na kasa ciro shi, ya fi ƙarfina. Ita kuwa gida ɗaya muke kwana, kuma ta san halina in na sa abu a gaba. Na yi magana da kawu, na yi wa Rawan saƙo ta gaya wa babanta ya fara takarda. Ranar Litinin zan kai Inna Katsina a ɗauke ta hoton fasfo. Ta ce ba za ta je ba. Na riga na gaya wa mai mota ya zo da sassafe.